Dutsen Murhuna a Ƙarƙashin Taya

Barau ne ya sayar mini da dutse. Alhaji Barau mai kantin bokitai da fitilu a bakin titin Zongo, taubashina, ɗan kawuna na jini. Hauwa, rubuta shi haka, kada ki tausasa. In kika sa "ya bayar", zan sa wani ya karanta mini, in yaga takardar.

Kamarad Dramane, delegen unguwa, da kai nake. Ni ce Tabawa mai ƙosai, wadda kake aiko wa da kwano kowace safiya kana cewa a sa yaji a gefe. Ban yi lekol ba, ban taɓa shiga ajin boko ba, shi ya sa maƙwabciyata Hauwa mai ɗinki ke riƙe da biro. Amma bakin nawa ne.

Ka san Kwatano, nan aka yanke maka cibi. Garin yashi ne da ruwa. Ka taka daga Zongo har Tokpa-Hoho, in ka tsinci dutsen da ya kai kan jariri, ni zan soya maka shi ka ci. Shi ya sa shekarar da aka ɗaura mana aure, marigayi Muhuyi ya sauka daga jirgin ƙasa da buhu a kafaɗa yana nishi. Mazan mutane zane suke kawo wa amarya. Shi duwatsu uku ya kawo mini daga Dassa. Na yi fushi kwana biyu, sannan na ɗora kasko, kuma ban sauke ba shekara talatin da ɗaya. Biyu daga ciki masu ladabi ne, inda ka ajiye su nan za su zauna. Na ukun babba ne, mai sanƙo, mai taurin kai, sai an lallaɓa shi yake daidaita. Tun mutumin yana da rai nake kiran dutsen nan Muhuyi, yana dariya. Da ya rasu ban canja masa suna ba.

A filin gaban kantin Barau nake suya, daga asuba zuwa hantsi. In na tashi, in share toka, in bar duwatsuna a wurin. Ba wanda ya taɓa taɓa su. Ko akuyoyin unguwa sun san su.

To, ran wata Talata na iso da ƙulluna a ka, sai na tarar an gina gida a kan murhuna. Gida mai taya huɗu, da labule a taga, da wando a shanye a madubi. Irin motocin nan ne na Turawan da ke ƙetaro hamada, su kwana a ciki, su dafa a ciki, in sun iso bakin teku su sayar su koma ƙasarsu ta sama. Na leƙa ƙasa. Duwatsuna biyu an ture su gefe. Muhuyi kuwa yana ƙarƙashin tayar baya, mota ta hau masa sanƙo.

Barau yana fitowa daga masallaci na tare shi.

Na ce, "Kai mai ƙaton ciki, wa ya sa gida a kan mijina?"

Ya ce, "Ina kwana dai tukuna, tsohuwa. Baƙi ne. Da magariba suka tsaya, suka roƙi wurin kwana. Kanti a rufe yake da dare, fili na zaman banza. In kore su?"

"Ba filin nake tambaya ba."

"Ai filin ne ya gangara zuwa kwata. Matar ta ce in ta kwanta kanta na ƙasa, ƙafafunta na sama. Birkin motar kuma ya gaji da hamada. Suka nemi abin tokarewa, na duba gabas na duba yamma, sai ga angonki yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Kwana ɗaya ne, Tabawa. Ko kishi kike yi?"

Kwana ɗaya. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe, Hauwa.

Ban yi rigima ba, Allah shaida. Baƙo baƙo ne ko a kan taya ya zo. Na ari bulo na siminti na cike gurbi. Da Turawan suka buɗe ƙofa, namijin da gemu kamar na bunsuru, macen siririya kamar ba ta taɓa ganin tuwo ba, na zuba musu ƙosai a takarda, na ƙi karɓar ko dala. Matar ta ci guda tara, na ƙirga. Ta ja hannuna ta shigar da ni gidan nasu. Kamarad, na ga abin mamaki da abin tausayi. Teburin cin abinci shi ne gado. Murhu ɗan mitsitsi, wutarsa shuɗiya, ba hayaƙi, ba toka, ko ƙosai biyar ba zai ɗauka ba. Ba zaure, ba tsakar gida, ba inda mace za ta shiga ta yi fushi da mijinta. Na nuna mata dutsena ta taga, na nuna ƙirjina. Ta gyaɗa kai tana murmushi. Na ɗauka ta gane.

Laraba suna nan. Alhamis suna nan. Ranar Alhamis ɗin bulon ya sha wuta ya tsage, kasko ya karkace, mai ya bi yashi, saura ƙiris ya bi ƙafata. Barau yana ƙofar kanti yana cewa, "Sannu, tsohuwa, gobe za su tashi." Bai yi ƙarya ba. Ran Juma'a na iso, fili fayau. Ba gida, ba wando, ba Muhuyi. Sai rami a yashi, daidai zamansa.

Amma akwai sabon abu a ƙofar kanti. Kujera ce ta ƙarfe da tamfol mai ratsin ja, irin wadda ake naɗewa kamar tabarma. Barau na kanta, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar gwamna.

Na ce, "Ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Kyauta ce ta baƙunta."

"Ina dutsena?"

Ya sosa ƙeya. "To, Baturen ya ɗaga shi, ya dube ni, ya ɗaga kujera, ya sake dubana. Ni ba na jin yarensu. Na dai gyaɗa kai don ladabi."

"Ka gyaɗa kai don ladabi, sannan ka miƙa hannu don kujera."

"Haba Tabawa, dutse ne fa. Zan ba ki murhun ƙarfe sabo fil daga kanti, mai ƙafa uku, ba lallami."

Na ce ya riƙe murhunsa ya dafa kunyarsa a kai.

Na zaci an tafi da Muhuyi Turai. Har na fara haƙura, ina cewa ko ba komai zai ga duniya. Bayan sati biyu sai ga Saude mai kifi ta dawo daga Godomey tana haki, ta ce ta ga motar a tasha. Turawan sun sayar wa Garba direba, ɗan Salamatu ta bayan masallaci. Ya cire gado da labule, ya jera benci, yana jigilar mutane zuwa Calavi. Na rufe ƙulluna, na ɗaura gyale, na tafi.

Ina tsaye motar ta shigo tasha. Kafin ta gama tsayawa Garba ya diro, ya zaro wani abu daga ƙarƙashin kujerarsa, ya jefa bayan taya. Ƙim! Mota ta tsaya cak. Na gane shi tun daga nesa. Baƙin hayaƙina na shekara talatin yana jikinsa, sai dai an goge masa gefe guda.

Na ce, "Garba, ɗana, ɗaga motarka in ɗauki kayana."

Ya durƙusa ya gaishe ni, yaro ne mai tarbiyya. Ya ce, "Inna, ki yi mini rai. Da shi na sayi motar, Baturen da kansa ya nuna mini shi kafin ya nuna mini inji. Na gwada itace, ya murƙushe. Na gwada bulo, ya zama gari. In na cire dutsen tokaren nan a gangaren Calavi, ni da mutum goma sha takwas sai cikin tafki."

Fasinjoji suka sa baki. Wata mata mai kwandon tumatir ta ce in ji tsoron Allah, 'ya'yanta biyar. Na dawo hannu rabbana. Mutumin da a rayuwarsa ko keke bai mallaka ba, yau shi ke zuwa Calavi sau shida a rana.

Sauran ka sani, Kamarad, don a gabanka aka yi. Na kawo ƙara gaban komite na unguwa ran Asabar. Kuka zauna ku biyar a ƙarƙashin hoton tauraron juyin juya hali, kuka yi ta Faransanci, sannan ka miƙe ka ce dutsen da ke tsare rayukan talakawa goma sha takwas ya fi amfani ga juyin juya hali a kan dutsen da ke tsare kaskon mace ɗaya. Aka tafa maka. Barau ya fi kowa tafi.

To ni ma na yi nawa tunanin, ko da yake ba da Faransanci ba. Kaskon mace ɗayan nan, mutum nawa yake ciyarwa kafin rana ta fito? Masu turin kura, 'yan dako na kasuwar Dantokpa, malaman lekol, da ku biyar ɗin nan na ƙarƙashin tauraro. Ka ce yanzu komai na jama'a ne. Madalla. To jama'a ta zo da asuba ta riƙe mini gefen kasko. Sati uku ke nan kana cin ƙosai mai ƙuna a gefe ɗaya, ɗanye a ɗaya gefen, kana aiko cewa hannuna ya canja. Hannuna bai canja ba, ɗana. Hukuncinka kake ci.

Ba na neman Garba ya faɗa tafki. Ba na neman a kamo Turawa, wannan baiwar Allah ta ci ƙosaina tara ta yi mini murmushi, ta tafi da alheri. Wanda ya san sunan dutsen nan mutum ɗaya ne. Barau yana wurin ranar da Muhuyi ya sauke buhun, shi ya taya shi kwancewa, har ya ce a ba shi ɗaya ya yi matashin kai. Jirgin Dassa bai daina tafiya ba, duwatsun Dassa ba su ƙare ba. Ya hau, ya je ya ɗauko wa Garba wani, a kafaɗarsa, yana nishi kamar yadda marigayi ya yi. Garba ya sami birki, ni in sami nawa.

Hauwa ta ce dole a rufe takarda da cewa a shirye muke don juyin juya hali, gwagwarmaya na ci gaba. Ta sa. Tawa gwagwarmayar ma tana ci gaba, kuma gara ka ji daga bakina kafin a kawo maka tsegumi: jiya da Barau ya shiga sallar la'asar na naɗe kujerar na sa a hammata na taho gida. A kanta nake zaune yanzu. Tana da daɗi, ba zan ɓoye ba, bayana ya daina ciwo. Ya aiko sau biyu, na ce a gaya masa kwana ɗaya ne.

Saboda haka ka kira shi, Kamarad Dramane. Ran Juma'a bayan an sauko, a filin nan, a bakin ramin da har yau ban cike ba. Ya tsaya da ƙafafunsa, tunda ba shi da wurin zama, ya dubi idona a gaban mutanen Zongo ya faɗa: da izinin wa ya aurar da mijina ga mota, kuma wace rana zai dawo mini da shi?