Tagar da Ba Ta Kai Awo Ba

Jami'in duba makarantu ya zo da tef ɗin awo, kai ka ce tela ne. Ya auna tagar ajin da Malama ta buɗe a tsohon garejin mahaifinta, ya girgiza kai. Taga ta yi ƙanƙanta, in ji shi, kuma babu filin wasa. Doka ta ce a rufe.

Malama ta dube shi sama da ƙasa. Shekara shida tana koyarwa a nan, ba wanda ya taɓa zuwa ya ji ko yaran sun iya karatu. Makarantar gwamnati kuwa tana can ƙetaren babban titi, tafiyar awa guda.

Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki guntun ƙarfe ta buga tsohon wilin motar da ke zaman ƙararrawa. Yara arba'in da uku suka fito da jakunkunansu, ta jera su a bayan babur ɗinsa, ƙanana a gaba.

"Mene ne haka, Malama?"

"Ranka ya daɗe, ai ka rufe. Ga su nan, kai su inda taga ta kai awo. Wannan mai jar hular tana tsoron mota, ka riƙe mata hannu wajen tsallaka titi."

Ya dubi layin, ya dubi babur ɗinsa, ya soma naɗe tef.

"Ku koma aji," in ji Malama. "Wanda duhu ya dame shi, ya matso bakin ƙofa."