Shuɗin Layin Marigayi Anxo

Ma'aikaciyar awon gaɓar teku ta tsaya cak a tsakar gidan, tana kallon wani shuɗin layi a jikin katanga. A ƙarƙashinsa an rubuta: Nan teku ta kawo.

"Wa ya ja wannan?"

"Mijina, marigayi Anxo," in ji tsohuwa Sabela, tana ɗaga haɓa. "Shekarar babbar guguwa. Har kifi muka tsinta a tukunya."

Ɗanta Brais ya ji kamar ya yi jifa da sandarsa. Doka ta ce duk inda igiyar ruwa ta taɓa kaiwa filin hukuma ne, ba a ƙara ko bulo ɗaya. Shi kuwa ɗaki yake son ginawa a nan ƙasa, don nasa a bene yake. Yana ɗan shekara ashirin da shida ya zame a kan duwatsun teku, aka sa masa ƙugun ƙarfe, aka ce zai kai shekara ashirin. Sha huɗu ƙugun ya yi, ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Wata mai zuwa za a sake yi masa aiki, likita kuma ta ce shi da matakala sai kallo.

"Mama, gaya mata gaskiya! Kowace bazara Baba sai ya shafe layin da farar ƙasa, ya ja sabo gaba kaɗan, don kawai nasa ya wuce na maƙwabci."

"Rufe mini baki, ɗan nema! Ubanka zan ƙaryata a gaban baƙuwa?"

Brais ya dubi ma'aikaciyar. "Malama, ku da kuke auna teku da fentin matacce, ina kuke lokacin da otal ya zuba siminti har cikin ruwa?"

"Ni abin da na gani nake rubutawa," in ji matar, ta buɗe biro.

Brais ya juya a fusace. Ƙugun ya yi ƙiii, har kyanwa ta ɗaga kunne. Ya dafa katanga, zufa ta karyo masa.

Sabela ta daɗe tana kallonsa. Sai ta zaro wuƙar feɗe kifi daga aljihu, ta kankare farar ƙasa taku ɗaya ƙasa da layin. Shuɗi ya bayyana. Ta gangara, ta sake kankarewa. Wani shuɗin. Haka ta bi katangar tana ƙunƙuni, tana zagin teku da hukuma da mazan garin, ta wuce ƙofar gida, ta wuce inda ake ɗaure jiragen ruwa. Layi na goma sha ɗaya can yake gab da rairayi, ya koɗe.

"Nan ta kawo. Rubuta."

"To, kifin fa, Iya?" in ji ma'aikaciyar.

Sabela ta goge wuƙar a zanenta.

"Ni na sayo shi a kasuwa. Kuma idan na ga kalmar maƙaryaci a takardarki, yarinya, da wuƙar nan zan kankare ta."