Mutum Bakwai, Suna Ɗaya

Ofelia Barrionuevo na cikin zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayin mate, sufeton da aka turo daga Buenos Aires ya juyo mata da fuskar kwamfuta. Ya nuna mata layi ɗaya da bakin biro. Ranar Lahadi da safe an sauya sakamakon gwajin ruwan rijiya ta uku, wadda ke gangaren rumbun da ake ajiye gangunan sharar nukiliya. Awon da ya haura ƙa'ida ya koma lafiya lau, kuma da sunanta aka yi gyaran. Saura mata wata goma sha huɗu ta yi ritaya.

Ta ce ranar Lahadi tana garinsu wajen baftismar jikanta, mutum arba'in sun gan ta. Sufeto Quiroga ya ce shi ba mutum arba'in aka aiko shi ya tambaya ba, na'ura aka aiko shi ya duba.

Abin da kowa ya sani a ma'aikatar shi ne mutum bakwai ke shiga kwamfutar da sunanta. Shekara uku tana rubuta wa hedikwata a buɗe wa sauran nasu sunayen shiga, amsar ɗaya ce kullum, wai ana dubawa. Aiki kuwa ba ya jira. A wurin da mutum bakwai ke zuƙar mate da bututu ɗaya, wa zai iya buɗe baki ya ce kalmar sirrinsa tasa ce shi kaɗai? Ta rubuta tata a takarda ta manna a ƙarƙashin tebur, aka yi ta yaba mata kirki.

Ta dubi abokan aikin nata, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Don Aníbal, shugaban wurin, wanda shi kaɗai ke riƙe da mabuɗin ofis ranar Lahadi, sai goge tabarau yake.

"Don Aníbal, ba za ka ce komai ba?"

"Me zan ce, 'yar uwa? Ni ko kunna abin nan ban iya ba, ke ma kin sani."

Ita ta koya masa da hannunta, wata biyu tana fama da shi. 

Ta juya ga sufeton, ta roƙi a sake ɗebo ruwan rijiyar a auna, tunda ƙauyen da ke ƙasa daga wannan jijiyar ruwan yake sha. Quiroga ya ce wannan aikin wani sashe ne, shi tsaron kwamfuta ya kawo shi. Kuma doka a fili take: wanda ya ba wani kalmar sirrinsa ya yi laifi, wanda ya sauya sakamako ya yi laifi, sai ta zaɓi wanda ta fi so.

Ta sa hannu a takardar dakatarwa, ta kwashe filas ɗinta da rigar sanyi. Ta kai bakin ƙofa ke nan sufeton ya biyo ta, ya rage murya.

"Ki yi haƙuri, señora. Na kira hedikwata, sun ce sababbin sunayen sai nan da wata shida, kuma ba a barin na'urorin babu mai dubawa. Takardar da ke ƙarƙashin teburin ta shiga fayil, shaida ce." Ya miƙo mata biro. "Ki daure ki sake rubuta musu kalmar sirrin."

Don Aníbal ne ya kawo takarda.