Kafinta Da Hannun Hagu

Kafinta yana cikin goge ƙafar kujera hannunsa na dama ya saki. Katakon ya faɗi, shi ma ya bi shi. Da ya farfaɗo a asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafa za ta iya dawowa, hannu kuwa sai abin da Allah ya yi.

Ƙafar ta dawo, yana ɗan jan ta. Hannun ya kwanta a cinyarsa kamar na aro.

Ran nan yayansa ya zo dubiya, ya matso kusa da shi, ya rage murya. "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa maka. Na san wani mutum, zai faɗa mana wanda ya yi, ya kuma mayar masa da abinsa."

Kafinta ya dubi hannun da ke kwance a cinyarsa. Maganar ta shige shi, don shi ma ya sha tambayar kansa laifin me ya yi. Bai taɓa ɓoye ruɓaɓɓen katako a ƙarƙashin fenti ba.

"Yaya," ya ce da karkataccen bakinsa, "lokacin da hannun ke aiki ban je wurin kowa neman dalili ba. Wanda ya ba ni shi ya karɓa, kuma wurinsa zan ci gaba da kai kukana."

Yayan ya kaɗe riga ya fita ko sallama babu.

Washegari Kafinta ya sa matarsa ta buɗe shago. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan teburin aiki, zarto ya fara tsatsa. Ya ɗauki guduma da hagu, ya kai wa ƙusa duka, ya samu tebur. Ya sake, ƙusar ta lanƙwashe.

"Kawo in riƙe maka, maigida," in ji matar.

"Ki riƙe da filaya. Yatsu biyar sun riga sun yi ritaya a gidan nan, ba za mu ƙara ba."

Ta yi dariya, tana goge ido da bakin mayafi.

Ba kullum ake dariyar ba. Akwai ranakun da yakan jefar da guduma, ya juya wa matar baya. In ya huce sai ta zuba masa ruwan alwala, ya yi salla a zaune, ya roƙi lafiya, ya roƙi haƙuri idan lafiyar ba ta zo ba. Sannan ya koma kan tebur.

Hannun bai dawo ba. Amma kafin damina ta wuce ƙusa ta fara shiga daidai, zarto ya fara bin layi.

Wata safiya mai askin layinsu ya shigo da benci a ka, ƙafa ɗaya a karye.

"Zai ɗauki lokaci fa," in ji Kafinta.

"Masu zuwa aski su jira a tsaye, sun saba."

Kafinta ya yi bisimilla, ya tokare bencin da gwiwa, ya juya shi, ya fara duba inda ya karye.