Haddar Turanci a Zauren Jibrin

Tun da Zulai'atu ta gama digiri a kan kiwon kifi, Jibrin bai ƙara jin daɗin tuwo ba. Wata jami'a a ƙasar waje ta ce za ta ɗauke ta digiri na biyu kyauta, amma sai ta ci wata jarrabawa wadda ke cike da manyan kalmomin Turanci. Shi kuwa mai gyaran injin kwale-kwale ne a bakin ruwan Yelwa, Turancinsa bai wuce karanta sunan kayan gyara a jikin kwali ba. Tsoronsa ɗaya, kada gurbin nan ya kuɓuce wa ɗiyarsa.

Da ya yi cigiyar malamin Turanci a kasuwa, kowa ya nuna masa Habibu. Tsohon akawu ne wanda ko shayi zai saya sai ya jefi mai shayi da kalmar da shi kansa bai san inda ta dosa ba. Ana ce masa Furofesa, yana amsawa babu kunya. Habibu ya karɓi littafin kalmomin jarrabawar da Jibrin ya kai masa, ya jinjina shi a hannu kamar mai taya kifi, ya ce abu ne mai sauƙi, hadda za a yi, yadda kowa ya yi a makarantar allo.

Kullum da hantsi Zulai'atu na zaune a zauren gidansu tana rera kalma da ma'anarta bi da bi, tana rangaji. Habibu ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa, hannunsa cikin kwanon soyayyen kifin da aka aiko daga cikin gida. In ta tsallake kalma ɗaya, ya mayar da ita farkon shafi. Jibrin kan tsaya a bakin ƙofa yana jin sanyi a ransa, domin da irin wannan sautin shi ma ya yi nasa karatun. Ta taɓa ce wa Jibrin haddacewa kawai take yi, ba ta ga yadda ake sa kalmomin cikin magana ba. Ya ce ta yi shiru, ba a ja da malami.

Ana gab da tafiya Abuja inda ake rubuta jarrabawar, ƙawarta Balaraba ta zo da tambayoyin gwaji a waya. Jimloli ne masu giɓi, a zaɓi kalmar da ta dace. Zulai'atu ta dubi kalmar farko, ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Nan Jibrin ya gane abin da take yi: ta koma farkon shafi tana gangarowa, kamar mai neman aya. Kafin ta iso, lokaci ya cinye.

Ya iske Habibu a teburin mai shayi, ya zayyana masa.

"Malam Jibrin, laifin masu jarrabawar ne," in ji Habibu. "Wane jahili ne zai tari yaro a tsakiyar karatu bai faro daga farko ba?"

Jibrin ya dube shi tun daga hular da ta sha maiƙo har ƙasa. "Kai, ka taɓa ganin jarrabawar nan da idonka?"

Habibu ya hura shayinsa, ya ce ai Turanci duk ɗaya ne.

Zulai'atu ta je Abuja, ta dawo. Maki bai kai ba, jami'ar ta ba wani gurbin. Habibu ya zo jaje har gida, yana cewa kwamfutar da aka yi jarrabawar a kanta ce ta yi wa yarinya sauri, kuma yana da sabon tsari na baɗi. Jibrin bai shimfiɗa masa tabarma ba. Ya bar shi tsaye a rana har ya gaji ya kama gabansa.

A tsakar gida Jibrin ya tarar da Zulai'atu da almakashi, tana yanka littafin kalma-kalma, tana zubawa a ƙwarya tana gauraya su da hannu.

"Baba, bana dai ta wuce," in ji ta. "Ɗauko mini ɗaya, kowace ce."

Ya durƙusa ya zaro wata 'yar takarda, ya juya ta sama da ƙasa, sannan ya ɗaga mata a gaban ido.