Vasco a Ɗakin Ajiya

Tokar Vasco Bartalesi ba ta hau ƙubbar babban cocin birnin Firenze ba. Tana cikin tulunta na ƙarfe, cikin jakar goyo, a ɗakin da masu ziyara ke ajiye kaya, tun safiyar Talatar da ƴaƴansa biyu suka shirya kai ta sama.

Vasco ya ƙare rayuwarsa yana sayar da dafaffen tumbi da burodi a gefen kasuwar Sant'Ambrogio. Kamar yawancin ƴan gari, bai taɓa hawa ƙubbar ba, cewa yake wannan aikin baƙi ne. Sai da ya kwanta ciwon ajali ya gaya wa babbar ƴarsa Ornella cewa idan an ƙone gawarsa, a hau da shi sau ɗaya, sannan a mayar da shi gidansa. Ornella, wadda ke aiki a wani kantin magani, ta yi masa alkawari.

Ƙanenta Duccio ne ya ce a bar masa zancen tikiti, domin sai an kama lokaci tun da wuri. Takardar hukuma ma da sunansa aka yi ta: shi ne mai riƙon tokar, kuma a gidan marigayin za ta zauna. Ran Lahadi ya matsa mata ta je ta ɗauko tulun daga gidan. Ta ɗauka ɗoki ne.

Ran Talatar ta same shi a dandalin cocin tare da wasu mata da miji ƴan Holan, dogaye, rana ta ƙona musu wuya. A kan mijin akwai malafar kaba mai baƙin zare. Ornella ta san malafar. A bayan ƙofar kicin ɗin mahaifinsu take rataye.

Duccio ya yi bayani da sauri, yana yi wa baƙin murmushi. Gidan yana zaune haka kawai, shi ne ya fara ba masu yawon buɗe ido haya. Waɗannan ne na farko, jiya suka sauka. Ya haɗa musu da hawan ƙubba tare da ƴan asalin gari.

"A gadon Babbo suka kwana?" in ji Ornella. Haka suke kiran mahaifinsu.

"An canza zanin gado, Nella. Ki daina zare ido, suna kallonki."

Matar ta faɗi wani abu da Turanci. Duccio bai so fassarawa ba, amma Ornella ta gane: gidan ya yi kyau, sai dai kicin ɗin yana ƙarnin kayan ciki.

A ƙofar shiga, ma'aikaciya ta nuna jakar ta ce ba a hawa da irinta, hanya ta yi ƙunci, sai a kai ta ajiya. Ornella ba ta san da wannan doka ba. Da ta dubi Duccio, ta ga shi ya sani. Ya ce ai niyya ce abin dubawa, Babbo ba zai ga komai ta cikin ƙarfe ba. Ya ƙara da cewa in sun sauko ta wuce da tulun gidanta, don ba zai yiwu baƙi su riƙa karya kumallo da gawa a kan kantar kicin ba.

Ta kai jakar da kanta. Wani dattijo mai tabarau ya karɓa, ya ce tana da nauyi, ya miƙa mata ƴar lamba. Kafin ta dawo, Duccio da baƙinsa sun shige. Ta bi su ne don ta ƙarasa maganar da ta fara, ba don ta hau ba. Amma matakalar ba ta da wurin juyawa, kuma mutane sun riga sun cika bayanta.

Ciki ɗumi ne da warin gumi da man shafawa na rana. Fuskarta na daf da jiƙaƙƙen wandon wani mutum, bayanta wani yana numfashi a wuyanta. Ta dafa bango, hannunta ya sauka kan cingam. Ko'ina an rubuta sunaye da biro, an zana zuciya. A barandar ciki, inda aka zana Ranar Hisabi, shaiɗanu suna cusa mutane a wuta, ta jiyo muryar Duccio a gaba. Yana gaya wa baƙin cewa mahaifinsa kan hawo da su nan kowace Lahadi suna yara. Matar ta dafa ƙirji.

A sama iska ta buge ta. Ta zagaya har ta gano unguwarsu, ta bi jajayen rufin gidaje da ido har ta kai kan ƴar barandar da Vasco ke shanya rigunan aikinsa. Tawul ne guda biyu a kan igiyar, masu ruwan lemo.

Mai malafar ya miƙo mata wayarsa don ta ɗauke su hoto.

"Ɗan saki fuska mana," in ji Duccio. "Na ce musu ke ce mai fara'ar gidanmu."

"Ka ce masa ya cire."

"Malafa ce fa, Nella."

"Ka ce masa ya cire, ko in cire masa."

Mutumin ya cire da kansa, yana ba da haƙuri, bai san laifinsa ba. Ornella ba ta karɓi malafar ba. Ta ciro lambar ajiyar daga aljihu, ta dube ta. Ita kaɗai ce ta iso nan a madadin Vasco. Ta tura ta cikin wata tsaga tsakanin duwatsun marmara har ta ɓace, ta nufi hanyar sauka.

A ɗakin ajiya ta ce ba ta da lamba. Dattijon ya ce ba komai, ta faɗi abin da ke cikin jakar. Ta faɗa. Ya cire tabarau, ya kira shugabarsa. Shugabar ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ce irin wannan kaya ba za su miƙa wa kowa ba sai wanda sunansa ke kan takardar hukuma, ya zo da ita da kansa, ya kuma faɗi inda zai kai shi. Ornella ta ba su lambar wayar Duccio.

Dattijon ya sauke jakar daga cikin sauran, ya ɗora ta ita kaɗai a kan kantar sama, kusa da taga. Daga nan ana hango gefen ƙubbar.

Duccio ya ce zai zo ran Alhamis. Ran Alhamis ƴan Holan suka tafi, wasu daga Koriya suka sauka a gidan. Har zuwa jiya bai zo ba.