Gefen Hagu na Allon Direba

Direba ba ya yafe wa kansa kuskure. Idan Mai Aski ya cinye shi a wasan ces, wato darar Turawa, ba ya musu, ba ya cewa a sake. Gida yake komawa, ya buɗe nasa allon a kan tebur, ya maimaita wasan tun daga takun farko har sai ya gano inda ya kwafsa. Da haka ya goge, har ta kai Mai Aski kan tsiri wasa almakashi in ya hango shi tafe, don gudun karawa da shi.

To, kwanan nan reshe ya juye. Kullum Direba ne a ƙasa.

"Yau ma?" in ji Mai Aski, yana ɗauke masa sarauniya, masu jiran aski na ƙyaƙyata dariya. "Sarkin burki, anya ba barci kake da ido buɗe ba? Dokin nan nawa tun ɗazu yake kiwo a gefenka."

Direba ya yi yaƙe, amma ransa ya ɓaci. Shi dai bai ga doki ba. A zuciyarsa ya riga ya yanke hukunci: mutumin nan maguɗi yake yi. Mai aski ne fa, hannunsa ya fi ido sauri.

Ya koma gida da rana tsaka, kafin lokacin da zai kwaso ma'aikatan masaƙa a babbar bas ya raba su unguwanninsu. Ko takalmi bai cire ba ya jera 'ya'yan ces. Mai Aski yana da wata ɗabi'a mai ban haushi ta shelanta kowane taku da ƙarfi, saboda haka wasan na nan daram a kunnen Direba. Ya bi shi a hankali, yana neman inda ɓarawo ya sa hannu.

Babu maguɗi. Dokin ya zo ta hanyarsa ta halal, ya tsaya a layin ƙarshe na hagu.

Ya rushe, ya jera wasan jiya. Sarauniyar Mai Aski ce ta sulalo ta hagu. Na shekaranjiya, wani soja ne ya yi ta takawa a gefen hagu har ya isa ƙarshe ba wanda ya tare shi. A tsakiya da dama kuwa, ko kuskure ɗaya babu.

Ya ɗauki dokin ya ajiye a gefen hagu, ya kafa ido a tsakiyar allon. Dokin ya ɓace. Ba duhu ya gani ba, ba hazo ba. Wurin ne kawai babu shi. Ya juya kai, ga doki. Ya maido kai, babu. Ya murza ido ya sake, ya kuma sake, gumi na bin wuyan rigarsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don yanzu ba allo yake tunawa ba. Mahaɗar titin bakin masaƙa yake tunawa, da masu kekuna da ke kutsowa ta ko'ina, da bas cike da mutane suna gyangyaɗi a bayansa.

"Baban yara, wai ni na zama bango ne?"

Ya zabura har sarki ya faɗi ƙasa. Matarsa ce tsaye dab da kafaɗarsa ta hagu, hannunta a miƙe.

"Yaushe kika shigo?"

"Yaushe? Hannuna har ya sage ina miƙo maka makullin bas, kai kana ta juya kai kamar ƙadangare." Ta yi dariya, sannan ta dube shi da kyau, dariyar ta tsaya. "Lafiya kuwa?"

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Amma kalma ɗaya in ta fita, shi ke nan shi da sitiyari har abada, kuma bai iya wata sana'a ba.

"Lafiya lau," ya ce.

Ya miƙa hannu ya damƙi iska. Ita ce ta kamo tafinsa ta sa masa makullin a ciki.